HARSASHI SHI NE WUƘAR MAHARBI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta mana kyawawan abubuwa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, Allah Ya yi maka albarka, ka sani farauta halal ce, amma tana da sharuɗɗa kamar yadda yanka ya ke da su. Mahauci ba ya kayar da sa sai ya duba wuƙarsa. To, shi maharbi wuƙarsa ita ce ƙwayar harsashin nan da ke fita daga bakin bindiga, kuma da zarar ta fita ba ya da ikon gyara ta. Darasinmu a kanta ya ke.

A Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu akwai maharba da yawa waɗanda ba su sayen harsashi haɗaɗɗe. Da hannunsu su ke haɗawa: kwanso daban, albarushi daban, ɗan abin da ke ƙyasta wuta a gindin kwanso daban, sa'an nan ƙwayar da ke tashi daban. Uku na farko aikinsu ya ƙare cikin bindiga. Ƙwayar kaɗai ke isa jikin dabba, saboda haka wajen zaɓenta hukunci ya ke shigowa. Kada ka ce zan gwada a ɗakina. A Nijeriya, tun dokar bindigogi ta 1959, ba a mallakar bindiga ko haɗa harsashi sai da izinin hukuma, dazuzzuka irin su Yankari kuwa an hana farauta cikinsu sam. Ilmin muke nema, domin su ne suka fi kowa bin diddigin abin da ƙwaya ke yi bayan ta shiga nama.

Mu fara da asali. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) a kan mi'iradi, watau wani sanda mai tsini da ake jifan dabba da shi. Ma'anar amsar ita ce: in ya same ta da tsininsa ya huda, a ci, in ya buge ta da gefensa ta mutu, mushe ce, irin wadda aka ambata a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Don haka ne malaman farko suka hana abin da aka kashe da dunƙulen yumɓu, domin bugu ya ke yi, ba huda ba. Da bindiga ta bayyana sai malaman baya suka saɓa. Dasuƙi ya kawo saɓanin a hashiyarsa: wasu suka ƙiyasta dalma da yumɓu suka hana, wasu irin su Ibnu Gazi da Abdulƙadir Alfasi suka halatta, hujjarsu kuwa ita ce tana huda, tana zubar da jini, tana gaggauta mutuwa. Wannan shi ne abin da ya rinjaya, kuma a kansa fatawa ta ke a yau. Amma ka lura da illar da suka rataya halaccin a kanta. Harsashin da bai shiga ya kai makasa ba, bai cika abin da aka halatta shi dominsa ba.

To, ƙwaya ta gari abu biyu ake so ta haɗa, su kuwa kishiyoyi ne. Ana so ta buɗe bayan ta shiga, bakinta ya baje kamar laima, ramin ya yi faɗi. Ana kuma so ta riƙe jikinta, kada ta tarwatse, ta ratsa fata da tsoka da ƙashi har ta kai huhu da zuciya. Wadda ta cika saurin buɗewa sai ta fashe a kafaɗa, ta bar mummunan rauni a sama, dabba ta tsere da ƙafa uku. Wadda ba ta buɗewa sam, irin ta soja mai rufaffiyar riga, sai ta wuce kamar allura, dabba ta yi nisa tana zubar da jini a ciki, ta je ta mutu inda kura kaɗai za ta gan ta. Abin mamaki, yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana ƙwaya mai buɗewa a yaƙi, amma jihohi da yawa na Amurka ita suka wajabta a farautar manyan dabbobi, suka hana ta soja. Wajen dabbar da za a ci, saurin kashewa shi ne jinƙai.

Ƙwaya ta gargajiya dalma ce a ciki, da siririyar riga ta jan ƙarfe a waje, bakinta a buɗe. Tana da araha, ta kuma wadatar ga dabba mai girman barewa ko mariya. Matsalarta tana fitowa idan gudu ya yi yawa, dabba kuma ta yi kauri: sai riga ta rabu da dalma. Abin da ya sami wani Ba'amurke ke nan, John Nosler, a 1946 a yankin British Columbia na Kanada. Ya harbi mus, wata ƙatuwar dabba mai ƙaho ta ƙasashen sanyi wadda ta fi doki girma, jikinta ya sha taɓo ya bushe, ƙwayar ta fashe ba ta shiga ba. Ya koma gida ya yi ta gwaji, a 1948 ya fara sayar da wadda ya kira Partition. Ya sa katanga ta jan ƙarfe a tsakiyarta: rabin gaba ya buɗe, rabin baya ya tsaya cur yana tura ta ciki. Daga baya wasu suka gano yadda za a manne dalma da rigarta har ba su rabuwa. A 1989 kuma kamfanin Barnes ya fitar da ƙwaya ta jan ƙarfe zalla, babu dalma ko kaɗan, bakinta yana tsagewa gida huɗu, sau da yawa in an ciro ta aka auna kusan nauyinta na nan yadda ya ke.

Sai maganar nauyi. Da giren su ke aunawa, giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Ɗauki sananniyar bindigar nan .30-06 wadda ta fito a 1906. Ana ɗora mata ƙwaya mai giren 150, tana tashi da gudun wajen mita 890 a daƙiƙa. Ana ɗora mata mai giren 180, watau kusan giram 12, tana tashi da wajen mita 820. Matashi da jininsa ke tafasa zai ce a ba ni mai gudun. Tsohon maharbi zai tambaye ka: wace dabba? Tun da kaurinsu ɗaya ne, mai nauyin ta fi tsawo, kuma ta fi nitsewa, kamar yadda mashi ya fi tsakuwa shiga ko da tsakuwar ta fi shi gudu. Mai 150 ta barewa ce. Dabba mai girman gwanki, mai 180 ta fi dacewa da ita. Ɓauna kuwa, wanda namijinsa kan haura kilo 600, ya wuce wannan bindiga gaba ɗaya. A Tanzaniya doka ba ta yarda a fuskance shi da abin da ya gaza .375 ba, bindigar da kamfanin Holland & Holland na Ingila ya fitar a 1912, ƙwayarta giren 300. Da yawa suna sa mai buɗewa a harbin farko, su biyo da daskararriya wadda ba ta buɗewa, don in ya juya baya ko ya taso sai an ratsa ƙashi mai kauri.

Akwai ruɗin da masu haɗa harsashi kan faɗa ciki, ka kiyaye shi domin ya yi kama da ruɗin mai kyautata zahiri. Mutum ya gwada a kan takarda, ya ga wata ƙwaya tana faɗawa wuri guda, shi ke nan ya ce ya samu. Takarda ba ta da kafaɗa! Kamfanin Sierra da kansa ya ce ƙwayarsa ta gasar harbi, MatchKing, ba ya ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da ita. Masu hankali daga cikinsu sukan jiƙa tarin tsofaffin jaridu su harba ciki, su tono ƙwayar, su duba zurfin da ta kai, da yadda ta buɗe, da nauyin da ya rage. Sukan kuma lissafa nisa, domin ƙwaya ta jan ƙarfe in gudunta ya sauka ƙasa da wajen mita 600 a daƙiƙa ba ta buɗewa sosai. Nisan da ya wuce nan, ko kana ganin dabbar, ba naka ba ne. Kuma ba a canza ƙwaya a bar albarushi yadda ya ke don kawai nauyinsu ɗaya. Matsin wuta cikin bindiga yana canzawa, har ya kai ga ta fashe a hannun mai ita.

Ita dalma tana da wata illa. Guba ce, kuma in ta bugi ƙashi tana barin ɓurɓushi cikin nama wanda ido ba ya gani, yara da mata masu ciki su suka fi cutuwa. A jihar Kalifoniya ta kusa ƙarar da wata irin babbar ungulu da ke cin kayan cikin da maharba suka zubar, har jihar ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli 2019. Wanda ya yi harbi da dalma, ya yanke naman da ke kewaye da ramin da yalwa ya zubar, kada rowa ta sa ya kai wa iyalinsa. In ka auna duk wannan da abin da wasu maharbanmu ke ɗurawa cikin bindigar gargajiya, guntayen ƙusa da tarkacen ƙarfe, za ka gane dalilin da ya sa dabba kan tafi da rauni ta yi kwanaki. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Muslim ya umurci mai yanka ya wasa wuƙa ya hutar da abin yankansa, maharbi bai fita daga wannan umurni ba.

Ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka saki harbi. In ka iske ta da sauran rai tabbatacce, sai ka yanka. In ka tsaya wasa har ta mutu alhali kana da iko, ba ta ciwuwa. In ta ɓace maka ka same ta matacciya da alamar harbinka, Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce babu laifi matuƙar ba ta kwana ba, in ta kwana ya ƙi a ci. Hadisin Abu Sa'alaba a Muslim ya yalwata har kwana uku muddin ba ta yi wari ba. In kuwa ka tarar da ita cikin ruwa, hadisin Adiyyu ya hana ci, domin ba ka san ko ruwan ne ya kashe ta ko harbinka ba. Allah ne Mafi sani.