Idon 'Yan Kallo: Hana Maguɗi Daga Dara Zuwa Wasannin Intanet

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san dandalin dara a inuwar bishiya bayan la'asar. A yau kuwa, a gefen dandalin akan tarar da samari sun duƙufa a kan waya suna buga PUBG Mobile ko Free Fire da mutanen da ba su taɓa gani ba. Manufar wannan takarda ita ce ta duba abin da ke hana maguɗi a waɗannan wasanni biyu. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa idon jama'a shi ne ginshiƙin gaskiyar wasa, kuma dabarun kamfanoni ƙoƙari ne na maye gurbinsa.

2.0 Maguɗi a Dara

Dara tana da gurabu 30, kowane ɗan wasa kuma yana da 'ya'ya 12. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Mai son coge yakan zame ɗa zuwa wani gurbi idan abokinsa ya waiga, amma abubuwa uku sukan taka masa birki. Na farko, fagen a buɗe yake, ba abin da ke ɓoye. Na biyu, 'yan kallo suna riƙe da wasan a ka. Na uku, akwai kunya, domin wanda aka kama gobe ma nan zai dawo. Haka abin yake ga dillali a karar Maigatari ranar Alhamis: sunansa shi ne jarinsa.

3.0 Maguɗi a Wasannin Intanet

A intanet dukkan ukun nan sun kau. Ba a ganin hannun ɗan wasa, ba kowa a kansa, kuma sunan aro yake amfani da shi. Maguɗin ya kasu gida uku:

(a) manhajar da ke saita wa mutum bindiga, ta yadda ba ya kuskure;

(b) manhajar da ke nuna masa abokan gaba ta bayan bango;

(c) bot, wato manhajar da ke buga wasa a madadin mutum, tana tara masa dukiyar wasa yana barci. Kamar mutum-mutumin gona ne, sai dai shi wannan har girbi yake yi.

Asarar ba ta wasa ba ce. Saurayin da ya sayi data da kuɗin guminsa, ya shafe watanni yana gina asusunsa, shi ake zalunta.

4.0 Hanyoyin Hani

Hanya ta farko ita ce sa wa na'urar ɗan wasa ido. Kamfanin Valve ya fito da VAC a 2002, Blizzard kuma ya sa Warden a World of Warcraft a 2005. Aikinsu shi ne laluben manhajar maguɗi da ke gudana tare da wasan. A 2020 Riot Games ya zo da Vanguard, wanda ke zama a can cikin ƙuryar kwamfuta tun daga kunna ta.

Hanya ta biyu ita ce kada a yarda da abin da waya ta faɗa. Babbar kwamfutar kamfani ce ke yanke hukunci: idan waya ta ce mai ita ya yi tafiyar minti guda cikin daƙiƙa ɗaya, sai a ƙi karɓa. Har wa yau akan lura da ɗabi'a, domin ɗan Adam yana gajiya yana kuskure, bot kuwa ba ya yi. A watan Oktoba na 2011 kamfanin Jagex ya sauya tsarin RuneScape, ya ce ya gurgunta kashi 98 cikin 100 na bot.

Hanya ta uku ita ce shari'a. A 2017 wata kotu a Amurka ta umarci kamfanin Bossland na Jamus ya biya Blizzard fiye da dala miliyan 8 saboda sayar da bot. A wannan shekara ce kuma dokar Koriya ta Kudu ta fara aiki, mai tanadin ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga masu ƙera irin wannan manhaja.

5.0 Inda Na'ura ta Gaza

Duk da haka, kullum aka toshe wata kafa sai masu maguɗi su huda wata. Bugu da ƙari, na'ura ba ta san uzuri ba. Idan aka haramta wa waya wasa baki ɗaya, wanda ya saye ta a hannu shi zai ɗauki laifin wani. Wanda sabis ke yanke masa kuwa, abokan wasa sukan ga yana ɓacewa yana ɓullowa, su zarge shi da abin da bai yi ba.

Saboda haka ne aka koma ga mutane. A 2013 Valve ya soma ba gogaggun 'yan wasan Counter-Strike hoton wasan wanda ake zargi, su duba, in bakinsu ya zo ɗaya a hukunta shi. A 2018 kuma, a wata gasa a Shanghai, sai da jami'in gasa ya tsaya a kan Nikhil Kumawat na Indiya ya binciki kwamfutarsa kafin asirinsa ya tonu, aka dakatar da shi shekara 5. Wannan ba wani abu ba ne illa 'yan kallon dara a sabuwar riga.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa na'ura tana kama mai maguɗi, amma ba ta sa shi jin kunya. Darasi ga masu shirya gasa a garuruwanmu shi ne su tara 'yan wasa wuri guda, a duba wayoyi kafin a fara, a naɗa alƙali, kowa kuma ya shiga da sunan da aka san shi da shi. Wanda ya sa manhajar maguɗi a wayarsa ya sani cewa wasu daga cikinsu na satar bayanai ne, kuma ranar da aka rufe masa asusu, dara ce ta ci gida.