Yadda Ake Yi Wa Ɗan Majalisa Kiranye

A cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ba a daɗewa da zama a dandalin hira sai zancen wakilai ya shigo: wane yana leƙo gida, wane kuwa tun da ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Galibi zancen kan tsaya a kan cewa sai a yi haƙuri shekara huɗu ta cika. Alhali kuwa tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar wa masu zaɓe hanyar dawo da wakilinsu gida tun wa'adinsa bai ƙare ba. Ita ce kiranye, kuma ƙarshenta ƙuri'ar raba gardama ce, inda jama'a ke yanke hukunci da hannunsu.

Sashe na 69 ne ya tanadi kiranye ga sanata da ɗan majalisar wakilai. Sashe na 110 kuma ya shafi ɗan majalisar dokokin jiha, kamar mai wakiltar Birnin Zariya ko Zariya Kewaye a Kaduna. Gwamna da shugaban ƙasa ba sa ciki, su majalisa ce ke da ikon tsige su.

Matakin farko shi ne rubuta takardar koke zuwa ga shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC. Doka ba ta nemi a kama wakili da wani laifi ba. Ya isa masu koken su ce sun daina amincewa da shi. Sai dai takardar na buƙatar sunayen waɗanda ke jagorantar koken da cikakken adireshinsu da lambobin wayarsu. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne: a watan Maris na 2025, da aka kai koke a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya, abin da INEC ta fara nunawa shi ne masu koken ba su rubuta cikakken adireshinsu ba, sai da suka koma suka gyara.

Mataki na biyu shi ne tattara sa hannu, kuma a nan ne aikin yake. Dole fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar su sa hannu ko su dangwala yatsa, kowa da sunansa da lambar katinsa, a jera su rumfa-rumfa. Lissafin ba ya bin yawan waɗanda suka fito ranar zaɓe, yana bin duk sunan da ke cikin rajista. Idan mazaɓa na da masu rajista 200,000, sai an samu 100,001, ko da mutum 40,000 ne suka zaɓi wakilin tun farko. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kaɗa ƙuri'a. Ga kuma sunayen waɗanda suka rasu ko suka yi ƙaura ba a cire su ba, duk suna ƙara wa ma'aunin nauyi. Mai son yin wannan aiki a Kwarbai da Kaura da Limancin Kona da Unguwar Juma da Unguwar Fatika sai ya bi lungu-lungu, zaure-zaure, ya kuma samu mata masu shiga gidaje, domin rabin jama'ar suna ciki.

Da takardun sun isa Abuja, hukumar kan sanar da wakilin a rubuce, ta aika wa shugaban majalisarsa kwafi, sannan ta ƙirga sa hannun. A nan koken Kogi ta Tsakiya ya tsaya. Masu rajista 474,554 ne, ana buƙatar 237,278, amma INEC ta ƙirga 208,132, ta ce koken bai cika sharaɗi ba.

Idan adadi ya cika, sai mataki na uku, wato tantancewa. Hukumar kan sa rana, ta buɗe rumfunan zaɓe, duk wanda sunansa ke cikin koken ya zo da ƙafarsa ya tabbatar cewa shi ne ya sa hannu. Ƙa'idojin hukumar na yanzu sun tanadi amfani da na'urar BVAS, mai duba yatsa da fuska. Dalilin wannan mataki a fili yake: ana iya cika buhuna da sa hannun bogi a ɗaki guda, amma ba a iya tara mutanen bogi a layi. Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma ya ga haka. An kai koke a kansa a watan Yuni na 2017, shari'a ta ja lokaci, sai ranar 28 ga Afrilu 2018 aka yi tantancewa. Cikin masu rajista 351,146, mutum 18,742 kaɗai aka tabbatar, kashi 5.34 cikin 100. Nan maganar ta mutu.

Mataki na huɗu shi ne ƙuri'ar raba gardamar kanta, wadda tsarin mulki ya ce a yi ta cikin kwana 90 daga ranar da aka karɓi koke. Babu ɗan takara, babu tambarin jam'iyya. Tambaya ɗaya ce, amsarta e ko a'a: a dawo da wakilin gida? Idan masu cewa e suka samu rinjayen da doka ta nema, shugaban INEC zai aika wa shugaban majalisar takardar shaida, a bayyana kujerar a matsayin wadda ba kowa a kanta, sannan a shirya zaɓen cike gurbi.

Arewa ba baƙuwar irin wannan ƙuri'a ba ce. A watan Fabrairu na 1961, a ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila, su Mubi da Gwoza da Ganye, sun zaɓi zama a Najeriya da kusan kashi 60 cikin 100, yankin ya zama Lardin Sardauna. A 1963 ma da ita aka kafa yankin Yamma ta Tsakiya. Jihohin da suka biyo baya kuwa, har da Katsina da aka cire daga Kaduna a 1987, da dokar soja aka yi su ba a tambayi kowa ba. A Nijar, ƙuri'ar tazarce ta Shugaba Tandja Mamadou a watan Agusta na 2009 ta nuna yadda mai mulki kan iya juya wannan hanya don biyan buƙatarsa, sojoji suka hamɓarar da shi a watan Fabrairu na 2010.

An tsaurara sharuɗɗan kiranye ne don kada wanda ya faɗi zaɓe ya riƙa hana wanda ya ci sakat. Amma ma'aunin da ke bin rajistar da ba a tsabtace ta ba ya fi ƙarfin talakan da aka yi tanadin dominsa, kuma 'yan majalisar da abin ya shafa su ne ke da ikon gyara shi. Tun daga 1999 har zuwa koken Kogi ta Tsakiya na 2025, babu sanata ko ɗan majalisar wakilai ko ɗaya da ya rasa kujerarsa ta wannan hanya.