Karɓar taransifa daban, sanin cinikinka daban

Aikina shi ne haɗa wa gidajen abinci tsarin karɓar oda da biyan kuɗi. Abin da ya fi damuna shi ne masu gidajen da yawa na ganin sun gama komai tun ranar da suka manna lambar asusu a bango.

Kowa ya san yadda aka zo nan. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuyar gani. Mai tuwon da ba ta taɓa shiga banki ba sai ga ta da OPay, mai shayi da Moniepoint ko PalmPay. A watan Maris na shekarar Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma mutane sun riga sun saba da taransifa.

To, ku leƙa gidan abinci bayan sallar Azahar. Yaro na ɗauke da faranti uku, wani na kiran a ƙaro miya, sai mai ci ya miƙo masa fuskar waya: "Ga shi, na tura." Yaron ya gyaɗa kai ya wuce. Bai ga sunan asusun ba, bai ga ko dubu uku ba ne ko ɗari uku, balle ya gane rasidin na jiya ne. Rasidin bogi ana haɗa shi cikin minti guda, kuma akwai na gaskiya da kuɗin ke maƙalewa su koma wa mai su. Shaidar biya ita ce alat ɗin da ya shigo na'urar gidan abincin. Akwai kuma ma'aikacin da kan ce sabis ya ɗauke, a tura ta asusunsa. Sau da yawa ba da mugun nufi ba ne, amma da dare wa zai iya tantance nawa ne na gida, nawa ne nasa?

Nan ne kwamfutar hannu, wato tablet, take da amfani. Mai hidima ya shigar da odar tun a tebur: tebur na huɗu, tuwon shinkafa biyu, miyar kuka, farfesu ɗaya. Takarda mai lamba ta fito a kicin, kuma ba farantin da zai fita sai da ita. Odar tana nan a buɗe har a biya, da tsaba ko kati ko taransifa, sannan a rufe ta. Idan an tashi, sai a gwama abin da aka sayar da abin da ke aljihun tebur da abin da ya shiga banki. Giɓi in ya fito, za a ga teburin da lokacin da wanda ya karɓa, ba sai an tara ma'aikata ana rantse-rantse ba.

Wata Hajiya da na yi wa aiki ta ce min, "Malam, ni fa na san cinikina a ka." Na ce, "Hajiya, ki ba na'urar wata guda." Rahoton ya nuna mata cewa ran Juma'a shinkafa kan ƙare da wuri, dambu kuma kusan kullum sai ya kwana. Ta rage wannan tukunya, ta ƙara waccan. Asarar abinci ta fi sata cin jari a gidaje da dama, don ba a jin fitarta.

Kafin ku sayi irin wannan tsari, ku tambayi mai manhajar ko tana aiki idan intanet ya ɗauke. Ku ajiye layi biyu na kamfanoni daban, da abin caji saboda wuta. Kowane ma'aikaci ya sami lambar sirrinsa, soke oda kuma ya zama sai manaja, domin ta wannan ƙofa kuɗi suka fi zurarewa. Abin da kamfanin POS ke cira a kan kowane ciniki shi ma a sa shi a lissafi.

Kada kuma a daina karɓar tsaba. Dattijo da lebura da ɗan makaranta duk masu ciniki ne, a dai shigar da nasu cikin na'urar kamar na kowa. Mai ƙaramin wuri ba sai ya sayi tablet ba, waya guda ta isa, muddin ta shago ce kuma asusun da sunan shagon aka buɗe shi.