Zare Daga Ganye: Yuka, Moda da Sisal

Manoma, kowa ya san rama, ya kuma san yadda ake jiƙa ta a kududdufi a ɓare bawonta a tufka igiya. To, akwai waɗansu tsire-tsire da zarensu ba a bawo yake ba, a cikin ganye yake. Ɗaya daga cikinsu ita ce yuka.

Yuka tsiro ce ta ƙasar Meziko da kudu maso yammacin Amurka, inda ruwan sama ba shi da yawa, ƙasar kuwa tsakuwa ce da rairayi. Kada a ruɗe, a waɗansu ƙasashen can rogo ma yuka ake ce masa, amma ba su haɗa dangi ba. Ganyenta dogo ne mai tauri kamar takobi, da ƙaya a baki. Mutanen asali na wurin, irin su Hopi da Nabaho, da shi suke saƙa kwanduna da tabarmi, su tufka igiya. An sami takalman zaren yuka a cikin koguna waɗanda suka haura shekara 1000. Saiwarta kuma in an daka tana kumfa, da ita suke wanke kai.

Yuka ba ta tsiro a dajinmu, amma danginta biyu suna kusa da mu. Ta farko moda, wadda take fita a inuwar itatuwa da gindin suri, wadda maharba suke yin tsarkiya da zarenta. Na biyu sisal. Shi ma asalinsa Meziko ne. A 1893 aka kai shi ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, daga nan ya bazu a Afirka.

Dasawa

Sisal ba ya son fadama, ruwa in ya kwanta a gindinsa ruɓewa yake yi. A nema masa jigawa ko gefen gona inda hatsi ba ya yin kirki. A cire 'ya'yan da suke fitowa a gindin uwar, a dasa da farkon damina, a bar taki ɗaya tsakanin wannan da wancan. In ya kama, shinge ne sosai, saniya ba ta ratsa shi. Moda kuwa raba saiwarta ake yi a dasa a inuwa.

Yanka

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sisal sai ya shekara 2 ko 3 kafin a sa masa wuƙa. A yanki ganyen ƙasa kaɗai, waɗanda suka kwanta suka ƙosa, a yanke dab da gindi. A bar wajen ganye 25 na tsakiya a tsaye. Mai gaggawar da ya aske shi ƙwal, baɗi zai tarar da gajerun ganye marasa zare. Wanda aka kula da shi yakan yi shekara 7 zuwa 10, ya ba da ganye wajen 200, sa'an nan ya fid da doguwar sanda a tsakiya, ya yi fure, ya mutu. Ƙananan tsiron da suke fitowa a kan sandar nan iri ne, a tsince a yi reno.

Da an yanke ganye a datse ƙayar bakinsa, don tana iya tsone ido, balle ga yara masu ɗauka.

Fid da zare

Kada ganye ya wuce kwana ɗaya ko biyu a ajiye. In ya yi yaushi naman yakan manne wa zaren, aiki ya yi wuya. A shimfiɗa ganye a kan faffaɗan itace, a bubbuga da taɓarya ko gungume a hankali har ya yi laushi. Kada a buga da ƙarfe, yanke zaren yake yi. Sai a riƙe gindin, a kankare da bayan wuƙa ko dakusasshen lauje, daga tsakiya zuwa baki, a juya a yi ɗaya gefen. Koren nama zai zube, farin zare ya rage. Haka mutanen can suke yi da yuka, haka kuma ake yi da moda.

Ruwan sisal yana da ƙaiƙayi. A shafa mai a hannu kafin a fara, a sa riga mai dogon hannu, kada kuma a taɓa ido.

A wanke zaren da ruwa mai tsabta nan take, in ba haka ba zai yi ja ya rasa kyau a kasuwa. A shanya a kan igiya, ba a ƙasa ba. In ya bushe a karkaɗe, a taje, a ɗaure dami-dami, dogo daban gajere daban.

Kada a sa rai da yawa: kilo 100 na ɗanyen ganye, zaren da ke ciki bai wuce kilo 3 ko 4 ba. Don haka aikin rani ne, lokacin da hannu ya huta da fartanya. Amma igiyar turke, da ta ɗaurin kaya, da ragar jaki, da tsanin rumbu, duk za su fito daga shingen gona ba tare da an taɓa aljihu ba.

Tufkarsa daidai take da ta rama, sai dai a ɗan yayyafa wa zaren ruwa don ya yi laushi a cinya. Igiyar sisal ba ta son zama da laima. In an yi guga da ita, a shanya bayan ɗiban ruwa, a rataye inda iska ke shiga, nesa da gara.