Darasi Daga Ƙauyen Sungai Nipah: Annobar Da Aka Yi Wa Kuskuren Suna



Da yawa daga cikinmu mazauna Kuala Lumpur ta filin jirgin sama na Sepang muka shigo ƙasar nan, amma kaɗan ne suka san cewa ba nisa daga wurin, da zarar an haye kogin Sepang an shiga jihar Negeri Sembilan, akwai wani ƙauye da sunansa ya shiga littattafan likitanci na duniya. Sunansa Sungai Nipah, yana maƙwabtaka da Bukit Pelanduk. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce yankin na cikin manyan wuraren kiwon aladu na wannan sashe na Asiya. Na san da jin an ambaci alade wani zai ce wannan ba zancenmu ba ne. Ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri, zancen zai biyo ta ƙofar gidanmu.

A watan Satumba na 1998 aka fara kai wasu ma'aikatan gonakin aladu asibiti daga kewayen Ipoh, a jihar Perak. Zazzaɓi ne da ciwon kai, sai magagi, sai mutum ya fita hayyacinsa cikin 'yan kwanaki. Hukumomin lafiya suka ce ai wannan kumburin ƙwaƙwalwa ne irin na Jafan, cutar da sauro ke ɗaukowa daga jikin aladu ya kai wa mutane. A yi musu adalci, ba da ka suka yi maganar ba. Cutar sananniya ce a ƙasar, alamunta sun yi kama da waɗannan, ga aladu a wurin, kuma kaɗan daga cikin jinin da aka gwada ya nuna alamarta. Saboda haka aka ɗauki matakin da ya dace da ita: aka yi ta feshin maganin sauro gona-gona, aka yi ta yi wa mutane allurar rigakafi. An kashe kuɗi, ma'aikata sun yi aiki tuƙuru, mutane kuma suka ci gaba da mutuwa. An bar jaki ana dukan taiki har wajen wata shida.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, manoman da tsoro ya kama a Perak sun yi ta karyar da farashin aladunsu suna sayarwa don su rage asara. Motoci suka kwashe su zuwa kudu, suka sauke cutar a Sikamat da Bukit Pelanduk da Sungai Nipah. Tun da an ce sauro ne mai laifi, babu wanda ya ga dalilin tsare motar dabbobi a hanya.

Alhali kuwa alamu na nan a fili ga mai son ya duba. Cutar Jafan ta fi kama yara, wannan kuwa magidanta take kwantarwa, maza masu taɓa dabbobin da hannunsu. Wasu daga cikin waɗanda suka kwanta an riga an yi musu allurar. Aladun kansu suna ta wani irin tari mai tsanani, wanda ba halin waccan cuta ba ne. Sannan ga babbar alama: Malayawa Musulmi da ke zaune a ƙauyukan maƙwabta, waɗanda ba sa kusantar aladu, kusan ba su kamu ba. To, wane sauro ne ke tambayar addinin mutum kafin ya cije shi?

A sana'armu ta injiniya, rahoton da na fi tsoro idan inji ya tsaya shi ne wanda ya ambaci matsalar da kowa ya saba da ita. Nan da nan hankali ke kwanciya, a sayo ƙarfen da aka sani a canza, kuma daga ranar duk wata alama da ta saɓa wa rahoton sai a ce kuskuren awo ne. Ba mugunta ke kawo haka ba, ɗabi'ar ɗan Adam ce. Maganinta kaɗai shi ne a samu wani a gefe mai kayan awo da kuma damar ya ce bai yarda ba.

A wannan karon an same shi a Jami'ar Malaya, nan cikin Kuala Lumpur. Dokta Chua Kaw Bing likita ne da ke koyon ilimin ƙwayoyin cuta a lokacin, bai kai matsayin manya ba. A farkon watan Maris na 1999 ya ɗiga ruwan laka na wasu majinyata a kan ƙwayoyin halittar da ake renonsu a ɗakin gwaji, bayan 'yan kwanaki ya ga suna narkewa suna haɗewa da juna ta wata siga da cutar Jafan ba ta haifarwa. Da farko an ɗauka gurɓata ce ta shiga gwajin. Ya sake, ya ga abu guda. Daga nan ya ɗauki samfurin da kansa ya hau jirgi zuwa Amurka, zuwa ɗakin gwajin hukumar CDC da ke Fort Collins a jihar Colorado. Da aka sa shi a madubin lantarki mai girmama abu, sai ga wata ƙwaya da ba a taɓa gani ba, 'yar'uwar ƙwayar Hendra wadda ta kashe dawaki da mai horar da su a Ostireliya a 1994. Aka raɗa mata sunan ƙauyen majinyacin da aka samo ta a jikinsa: Nipah.

Da sunan ya canza, aikin ma ya canza. Aka kwashe mutane daga yankin, aka hana safarar aladu, sojoji suka shiga gonaki aka hallaka aladu sama da miliyan ɗaya aka binne. Zuwa watan Mayu annoba ta lafa. Abin da feshin wata shida bai yi ba, wata biyu suka wadatar da shi. Lissafin ƙarshe a Maleshiya shi ne mutum 265 sun kamu, 105 sun rasu. A Singafo ma'aikatan mayanka 11 suka kamu, ɗaya ya rasu. Iyalai masu yawa sun wayi gari babu mai gida, babu sana'a.

Chua bai tsaya nan ba, don tambayar daga ina ta fito tana nan. Ya je tsibirin Tioman ya shimfiɗa manyan ledoji ƙarƙashin itatuwan da jemagu masu cin 'ya'yan itace ke kwana, ya tara fitsarinsu, ya samu ƙwayar a ciki. A gonakin Perak an dasa mangwaro dab da garken aladu, jemage ya gatsa ya yar, alade ya tsinta ya ci. Alade gada ce kawai.

Ga inda zancen ya iso gare mu. A 2001 cutar ta ɓulla a gundumar Meherpur ta Bangaladash, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kuma tun daga nan kusan kowane sanyi sai ta dawo. Ta ina? Mutanen can na tsaga itacen dabino su rataya tukunya ta kwana tana tarar ruwansa mai zaƙi, a sha da sassafe. Jemage ya riga kowa sha cikin dare. Wannan nau'in ya ma fi na Maleshiya kisa, kuma yana tsallakawa daga majinyaci zuwa mai jinyarsa. A Kerala ta Indiya, a 2018, ya kashe mutum 17, har da ma'aikaciyar jinya. Barin alade ya kare maƙwabtan Bukit Pelanduk, bai kare mai shan ruwan dabino ba. Abin da masu bincike suka gano yana taimakawa kuwa ba mai tsada ba ne: a dafa ruwan kafin a sha, ko a saƙa wa bakin tukunyar asabarin gora.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne gindin maganar. Tun 2012 akwai allurar rigakafin Hendra a kasuwar Ostireliya, amma ta dawaki ce. Doki yana da mai shi, mai shi kuma yana da abin biya. Allurar Nipah ta mutane kuwa, sai a farkon 2024 Jami'ar Oxford ta fara gwada tata a jikin mutane, shekara 25 bayan Chua ya ga ƙwayar. Ba ilimi ne ya gaza ba. Cutar da ke kama talakawa ɗari ko ƙasa da haka a shekara ba ta da kasuwar da za ta sa kamfani ya zuba dukiyarsa. Sai da Ebola ta kashe sama da mutum 11,000 a Afirka ta Yamma daga 2014 zuwa 2016 kafin aka kafa ƙawancen CEPI a 2017, don a riƙa biyan kuɗin irin wannan bincike tun kafin annoba. Cikin cututtukan farko da ya zaɓa akwai Nipah, akwai kuma zazzaɓin Lassa namu na Najeriya.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a gida. Daga 2011 aka yi wa miliyoyin mutane a Arewa allurar sanƙarau nau'in A, kuma ta yi aiki ƙwarai. Amma sanƙarau ba iri ɗaya ba ne. A ƙarshen 2016 ciwon ya tashi daga ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi, kuma nau'in C ne, wanda waccan allura ba ta tsarewa. An ɗauki makonni kafin labari ya isa inda ya kamata, samfurin da aka gwada kaɗan ne idan aka kwatanta da masu ciwon, ita kuma allurar C ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Kafin damina ta sauka a 2017 an ƙidaya sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 sun rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tsare nau'i biyar a lokaci guda, wadda aka shafe fiye da shekara goma ana aikinta da kuɗin waɗansu, ba namu ba. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Mai masaukin taron bai cika ba har yau.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Chua ya iya ganin abin da ya gani ne saboda ɗakin gwajin yana nan tun kafin kowa ya kwanta, da ƙwayoyin halitta a raye a cikinsa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da albashin wanda zai zo ya leƙa su kullum. Duk wannan kuɗi ne da ake kashewa shekara da shekaru ba a ga abin nunawa ba, shi ya sa shi ake fara yankewa idan kasafi ya matse. Mu kanmu 'yan ƙasar waje, idan muka haɗa gudummawa, mun fi son gini ko rijiyar burtsatse, abin da za a ɗauki hotonsa a turo mana. Alheri ne, ban musa ba. Amma ban taɓa jin an tashi a taronmu an ce a ɗauki nauyin firjin ajiyar samfuri da faranti mai amfani da hasken rana na wani asibitin karkara ba, ko kuɗin motar da za ta kai ruwan lakar yaro daga Zurmi zuwa Gusau ko Sakkwato kafin zafin hanya ya lalata shi. Cikinmu akwai injiniyoyin lantarki da masu karatun kimiyyar ɗakin gwaji a jami'o'in garin nan, kuma fitar da lissafin irin wannan aiki ba zai ci mana fiye da zama biyu ba.