Matakin Farko a Nahawun Italiyanci

Da yawa cikinmu muna jin tsoron sabon harshe, amma mai jin Hausa ya riga ya ci rabin hanya a Italiyanci. Bari mu duba abubuwa 3.

Na farko, jinsi. Kamar a Hausa, kowane suna namiji ne ko tamace. Yawancin sunayen mata suna ƙarewa da -a, kamar yadda muke da riga da mota: la casa (gida), la scuola (makaranta). Na maza kuwa da -o: il libro (littafi). Sai mu kiyaye da irin su la mano (hannu), wadda tamace ce.

Na biyu, jam'i. Wasalin ƙarshe muke sauyawa: libro ya koma libri, casa ta koma case.

Na uku, ninka baƙi. Mun san bambancin baba da babba. Haka yake a can: penna alƙalami ne, pena kuwa wahala ce. Idan muka yi sakaci a kanti a Roma, wahala za mu roƙa.

Aikin hutu: mu rubuta jam'in ragazzo (yaro) da ragazza (yarinya), mu kawo wa malami.