Gidan Gado: Wa Zai Biya Kuɗin Gyara?

Idan kuna da gidan gado da ba a raba ba, ku yi hattara da damina. Rufi ya fara yoyo, katanga ta jiƙe ta faɗi, sai Yaya ya sayo kwano da siminti da kuɗinsa bai tuntuɓi kowa ba. Ranar da za a sayar da gidan ya ce a fara cire masa nasa, ƙanne su ce ai don Allah ya yi. Nan zumunci ke tsagewa.

Kafin a aza bulo ɗaya, ku zauna ku duka, har da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu, domin su ma masu haƙƙi ne. Kowa ya biya gwargwadon kasonsa. Mai kashi biyu ya ɗauki nauyi biyu. Wanda ya ranta, a rubuta, a sa shaidu, a adana rasit. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, don haka rubutawa ba rashin yarda ba ne.

Mai zama a gidan shi ke biyan wuta da ruwa. In akwai 'yan haya, a ware kuɗin gyara kafin a raba kuɗin hayar.

In magana ta ƙi ci, ku fara zuwa wajen liman ko mai unguwa kafin kotu.